Sunan da Ya Fito a Gurbin na Baba

"Muddin ina numfashi yaron nan ba zai sake taka mini gida ba, balle ya ɗauki 'yata!"

Kwana goma sha tara ke nan da Baba ya faɗi wannan magana, amma har yanzu Auta na jin ta a kunne kamar yanzu ya rufe baki.

Baba ba ƙaramin mutum ba ne a sana'arsa. Shekara talatin da huɗu yana haɗa kiɗan fina-finai da wasannin talabijin. In ka tsayar da mutum goma a titi ka tambaye su wane mai kiɗa suka fi so, takwas shi za su kira maka, sauran biyun kuwa ba su da talabijin ne.

Auta ce 'yarsa ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ta biyo shi harkar. Edita ce a kamfanin da ke yin shirin nan mai dogon zango da Baba yake wa kiɗa. Ita ke yanka hoto ta jera, ita ke shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashinsa, ita ke rubuta jerin sunayen da ke hawa a ƙarshen kowane kashi.

Yaron da aka kora kuwa a bakin Baba ne kawai yake yaro, shekarunsa talatin da ɗaya. Shiru-shiru ake ce masa, don sai ya wuni bai yi magana uku ba. Shekara bakwai ya yi a ƙarƙashin Baba yana koyon aiki, har Baba ya ce da bakinsa ya ba shi Auta.

Sai wata Asabar da yamma, suna zaune a falo, shirin ya ƙare. Baba ya gyara tabarau, domin shi duk kallon da ake yi bai dame shi ba, jerin sunayen nan yake jira. Aka zo kan mai kiɗa, sai ga sunan Shiru-shiru ɓaro-ɓaro a gurbin da aka saba ganin na Baba.

Baba ya sa aka kira shi. Shiru-shiru ya durƙusa a bakin ƙofa, ya dubi Auta sau ɗaya tana tsaye a bayan kujera, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ni na sa aka canza, Baba. Son zuciya ne ya ja ni."

Ƙarya yake yi, kuma Auta ta fi kowa sani.

Gaskiyar magana ita ce kunnen Baba ya fara tafiya tun shekara biyu da suka wuce. Shi dai bai yarda ba. A wurinsa mutanen zamani ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa kamar masu gulma, kuma duk wanda ya ambaci asibiti ya taro wa kansa faɗa.

Kiɗan fim kuwa hawa-hawa ake gina shi. A ɗauki ganga, a ɗora jita a kanta, a ɗora sarewa a kan jita, kuma kowane hawa sai kana jin na ƙasa kafin ka ɗora. Yatsun Baba ba su manta hanya ba, kunnen da zai haɗa su ne ya gaza, sai ganga ta yi gabas sarewa ta yi yamma.

Shiru-shiru ke kai wa kamfani filashin da ake zuba kiɗan a ciki. Da farko tsayawa yake a ɗakinsa ya daidaita abin da ya goce. Da abin ya yi nisa sai ya koma gina kiɗan daga tushe, a salon Baba, a kai da sunan Baba. A talabijin guna-guni kawai Baba ke ji, ya gyaɗa kai ya ce haka ya tsara. Mutum uku ne suka san wannan sirri: Shiru-shiru, da Auta, da Umma.

Abin ya daɗe yana cin Auta a rai, mutum ya yi ta zuba basira ba a taɓa ganin sunansa ba. Shi ne ta yi wa wani kashi kwafi biyu, ɗaya na gidan talabijin da sunan Baba, ɗaya kyauta ga masoyinta da sunansa, don ya gani ko sau ɗaya ne a kwamfutarsa shi kaɗai. Ta ajiye su gefe da gefe. Ranar da aka matsa mata da kiran waya, ta tura wanda ba shi ba.

*

Gwaggo, yayar Baba, tun washegarin abin ta tare a gidan da jakarta da shawarwarinta. Ba ta zo hannu rabbana ba, ta zo da Injiniya, ɗan aminiyarta.

"Ke 'yar nan, fito ki gaida baƙo, kin wani ƙule a ɗaki kamar mai jinya."

Auta ta fito ta zauna a ƙarshen kujera. Injiniya mutum ne mai fara'a, mai tsafta, babu abin da za ka kama shi da shi. Wannan ma ya fi komai ba ta haushi.

"Ranki ya daɗe," ya ce yana murmushi, "wallahi ni sai da na zo gidan nan na san wani ne ke zama ya yi kiɗan da ake ji a fim. Na ɗauka da kyamarar yake zuwa."

Gwaggo ta tuntsire da dariya kamar an ba ta labarin shekara. Baba bai ji ba, sai da Gwaggo ta maimaita masa da ƙarfi, shi ma ya yi dariya.

"Irin wannan nake so," in ji Baba. "Wanda ba ruwansa da kiɗa ba zai hau kafaɗata ya goge sunana ba."

Da baƙon ya tafi, Gwaggo ta juyo kanta.

"Ni dama masu shiru-shirun nan tsoronsu nake, macijin ƙaiƙayi ne, sari ka noƙe. An yi masa rana ya yi wa mutane dare. Ke kuma kin zauna kina zubar da hawaye a kan butulu, ga mutumin kirki Allah ya kawo miki har gida."

"Gwaggo, ba butulu ba ne."

"To mene ne? Waliyyi? Ba da bakinsa ya amsa ba?"

Auta ta buɗe baki, sai ta haɗa ido da Umma da ke tsaye riƙe da tiren kofuna. Umma ta girgiza mata kai a hankali. Auta ta haɗiye maganar.

Baba ya cire tabarau ya dube ta. Muryarsa ta sauka, ta koma irin wadda yake mata magana da ita tun tana ƙarama.

"Auta, ban taɓa tilasta miki komai ba, kuma ba zan fara yanzu ba. In ba kya son wannan, Allah ya kawo wani. Amma wancan, in kika aure shi, ki sani ba da albarkata ba. Jibi iyayen Injiniya za su zo, ina son jin amsarki kafin nan."

*

Washegari da rana Auta ta sami Shiru-shiru a ɗakin sauti na kamfanin, ƙaramin ɗaki mai soso a bango da ƙofa mai nauyi. Yana zaune gaban fiyano bai kunna ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ta tura ƙofar ta jingina da ita, kuka ya ƙwace mata.

"Me ya sa ka amsa laifin da ba naka ba?"

"Da na ce me?"

"Ka ce ni ce! Ni na rubuta, ni na tura, hannuna ne ya yi!"

"Sai ya tambaye ki dalilin da ya sa kika rubuta sunana. Sai ki ce masa me, Auta?"

Hawaye suka ci gaba da bin kumatunta.

"Kin gani ko," ya ce. "Amsar ɗaya ce. Sai kin gaya masa shekara biyu ba kiɗansa ake ji ba."

"To in gaya masa mana! Gara ya sani da in zuba ido ana kiran ka maci amana. Gwaggo har mijin da za a maye gurbinka da shi ta kawo. Gobe iyayensa za su zo. Gobe fa!"

Ta ga yadda maganar ta buge shi, don sai da ya runtse ido. Amma da ya buɗe, kai ya girgiza.

"Lokacin da na zo wurin Baba ko riƙon sarewa ban iya ba. Shi ya zaunar da ni, ya ce kada in taɓa komai sai na yi wata uku ina sauraro kawai. Duk abin da ke kunnena shi ya zuba shi. In mutane sun ce kiɗana ya yi daɗi, nasa suke yabo ko sun sani ko ba su sani ba."

"Ni fa? Ni ban da rabo a cikin wannan tausayin naka?"

"Auta..."

"A'a, bari in faɗa. Ka zaɓi Baba a kaina. Kai ka fita da mutuncinka a wurin Allah, ni ka bar ni da wuta a ciki. Kullum in na ga Baba yana tsine maka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba na iya cin abinci. Ba na iya kallon fuskarsa, ba na iya kallon taka."

Shiru-shiru ya sa bayan hannu ya goge ido. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Wallahi ina son ki fiye da yadda bakina ya iya faɗa, kin san bakin nawa ba wani abin kirki yake iyawa ba. Amma ni in na rasa ki zan rayu, ko da a gurguje ne. Shi in ya rasa kiɗa ban san me zai rage masa ba."

Ta zame ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a gwiwa. Ya bar ta ta yi kukanta, bai matso ba.

Can ya ce, "Akwai wata magana. Kiɗan da muka tara ya ƙare. Darakta yana jiran na kashi na gaba gobe da safe, kuma Baba shi kaɗai ya yi wannan."

Ta ɗago da sauri.

"In ya ba ki filashin, ki biyo da shi ta nan. Awa uku ta ishe ni. Sunansa za ki sa kamar kullum."

"Bayan korar da ya yi maka?"

"Ko kin auri Injiniyan, ki riƙa kawowa. Ba wanda zai sani."

Wannan maganar ta fi zagin Gwaggo ciwo. Ta tashi ta fita ba ta iya yi masa sallama ba.

*

Da ta koma gida ta tarar da Umma a kicin tana wanke kofin da ya riga ya fita tas.

"Umma, zan gaya masa."

Umma ba ta juyo ba. "Ki gaya masa me?"

"Komai."

Sai a sannan ta ajiye kofin, ta tura ƙofar kicin, duk da ta san ko a buɗe take Baba ba ji zai yi ba.

"Auta, shekara arba'in ina zaune da mutumin nan. Ya rasa iyayensa ya miƙe, ya rasa yayanku na fari ya miƙe, duk da kiɗan nan ya dafa ya tashi. In kika zare masa shi, da me zai dafa?"

"To ni in zauna in rasa wanda nake so a kan laifin da ni na yi?"

"Ban ce ki auri Injiniya ba. Ki ce ba kya so, ni zan tare miki Gwaggonki. Ki bar kaza cikin gashinta, wata rana zuciyarsa za ta huce."

"Umma, kin san Baba. Ya taɓa hucewa a kan abin da ya shafi sunansa?"

Umma ta jawo ta ta rungume, su biyun suka yi ta kuka a hankali a gaban famfon da ke ɗiga.

"Rana zafi, inuwa ƙuna," Umma ta ce. "Allah ya zaɓa mana mafi sauƙi."

*

Da safe Baba ya kira ta ɗakin aikinsa. Ɗakin na nan yadda ta san shi: fiyano a jikin taga, kwamfuta, wayoyi a naɗe a ƙusa, da hotunan karramawa da suka cika bango. Yana sanye da fararen kaya, fuskarsa sai haske take yi.

"Zo ki ji, Auta. Kira mahaifiyarki ma. Suna cewa na tsufa ko? Ni kaɗai na yi wannan, babu hannun kowa."

Umma ta shigo, Gwaggo ta biyo ta ba a kira ta ba. Baba ya kunna kiɗan.

Ganga ta fara, tsaf da ita. Jita ta shigo a makare, ta yi ta bin gangar ba ta cim mata ba. Da sarewa ta hau sai komai ya watse, kowanne ya kama gabansa. A can ƙasa Auta na iya jin kyakkyawan abin da Baba ya nufa, kuma wannan ne ya fi karya mata zuciya.

Baba ya lumshe ido yana kaɗa kai. Ko Gwaggo, da ba ta san komai a kiɗa ba, sai da ta yamutsa fuska ta dubi Umma.

"Yaya kika ji?" ya tambaya.

"Ya yi daɗi, Baba," ta ce da ƙarfi don ya ji. Ta miƙa hannu. "Kawo in tafi da shi, na makara."

Baba ya zare filashin ya jefa a aljihun gaba, ya ɗauki hularsa.

"A'a. Daga yau babu mai shiga tsakanina da aikina. Da kaina zan kai wa Darakta. Na ce masa ya tara duk ma'aikata a saurara tare, su san har yanzu ina nan."

Auta ta hango ɗakin taron kamfanin, da samarin nan masu waya a hannu da ba sa barin komai ya wuce ba su ɗauka ba. Ta hango Baba a tsakiyarsu yana kaɗa kai, su kuma suna danne dariya.

"Malam, ka bari ta kai mana, ga rana ta fara zafi," in ji Umma.

"Na ce da kaina."

Ya nufi ƙofa. Auta ba ta san lokacin da ta riga shi ba, ta tsaya a bakin ƙofar ta buɗe hannuwa.

"Baba, kada ka je."

"Me kika ce?"

A hankali ta faɗa, bai ji ba. Irin maganar da ya kamata 'ya ta raɗa wa mahaifinta a kunne, ita sai ta ɗaga murya kamar mai faɗa da shi.

"Kada ka je, Baba! Kiɗan ya watse! Ba ka jin gangar, Baba, shekara biyu ke nan ba ka jin ta!"

"Innalillahi," Gwaggo ta ce, ta dafe ƙirji.

Auta ta zube a gabansa ta riƙe ƙafafunsa. Tana kuka tana ɗaga murya ta faɗa masa komai: gyaran farko, da ginin da ya koma na Shiru-shiru, da kwafi biyun da ta yi, da wanda ta tura bisa kuskure.

"Bai ci amanarka ba, Baba. Rufa maka asiri yake yi. Ni ce mai laifin, ni ce!"

Baba bai dube ta ba. Umma ya duba. Umma ta sunkuyar da kai, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

"Har da ke?" ya ce.

Ya ja da baya a hankali ya zauna a kujerar fiyano. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Watan jiya," ya ce, kamar da kansa yake magana, "wata mata ta tare ni a bakin kanti. Ta ce kiɗan da ake sawa in uwar nan ta cikin shirin ta tuna ɗanta, shi ya taimake ta ta yi kukan da ta kasa yi ranar da nata ya rasu. Ta yi ta sa mini albarka. Na amsa, na ce mata kwana uku na yi a kansa."

Ya ɗago ya dubi Auta.

"Wannan ɗin, nawa ne ko nasa?"

Auta ta so ta ce nasa ne shi Baban. Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa. Kuka kawai ta ƙara fashewa da shi.

Baba ya gyaɗa kai. Ya zaro filashin daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ya miƙa hannu ya kashe fiyanon daga bango, abin da bai taɓa yi da rana ba, ya jawo ƙyallen da ake rufe shi ya lulluɓe shi har ƙasa.

"Yaya," ya ce wa Gwaggo, "ki ba mutanen Injiniya haƙuri."

Sannan ya juyo ga 'yarsa. Babu fushi a fuskarsa, kuma da akwai da ta fi samun sauƙi.

"Kira shi. Ki ce na ba shi ke. In zai zo ya taho da mota, ya kwashe kayan nan duka, shi ne mai su."

"Baba, don Allah..."

"Tashi, Auta. Kin samu abin da kike so. Ki ja mini ƙofar."

Ta fito tana dafa bango. Wayarta na hannunta, lambarsa na kan allo, albishir ɗin da ta yi kwana ashirin da ɗaya tana roƙon Allah ya ba ta yana bakinta. Ta tsaya a bayan ƙofar ta kasa dannawa, tana sauraron ɗakin da tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sa shiru da safe ba.